Turke Kusa da Rijiya da Naman Kwata: Shin Kashin Dabba Mai Lafiya Yana Kawo Cuta?

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci a ɗaya daga cikin ƙauyukan kwarin Haɗeja, wajen Auyo. Ya ce yana da shanun huɗa biyu, da saniya mai maraƙi, da awaki da kaji, duk a cikin gida, kuma rijiyar da iyalinsa suke sha ba ta wuce taku goma daga turken ba. Kowace damina sai yaransa sun yi fama da gudawa, bara ma har jini aka gani a bayan gidan ƙaraminsu. Malamin asibiti ya ce masa ya duba turken, ya kuma duba naman da yake saye a kwatar garinsu, amma maganar ba ta kwanta masa ba, domin dabbobinsa lafiyarsu ƙalau, kuma tun yana yaro yake jin malamai suna cewa kashin dabbar da ake ci ba najasa ba ne. Yana so ya san gaskiyar lamarin, kuma ko dole ne ya rabu da kiwon.

Malam, Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Malamin asibitin da ya yi maka wannan magana yana kan hanya, kuma ba sai ka sayar da ko akuya ɗaya ba. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne cewa lafiyar dabba ba shaida ba ce a kan kashinta. Mu da muke aikin duba dabbobi, wannan ita ce maganar da muka fi shan wahalar fahimtar da mutane, domin mai kiwo ya saba da cututtukan da ido yake gani, irin su ɓoru da sammore da ciwon huhu, waɗanda suke kayar da dabba ko su ramar da ita. Ƙwayoyin da muke magana a kansu yanzu suna zaune ne a hanjin dabba mai ƙiba, mai sheƙin gashi, wadda take cin harawarta tana tuƙa, ba su dame ta da komai ba, sai sun shiga cikin mutum sannan halinsu yake bayyana.

Wadda ta fi dacewa da labarin ƙaramin yaronka ita ce wani nau'in ƙwayar Ikolai mai lamba O157. Ikolai iri-iri ce, kuma mafi yawanta ba ta da illa, tana cikin hanjin kowannenmu. Wannan nau'in kuwa yana fitar da guba mai lalata ƙananan jijiyoyin jini, da farko a hanji, shi ya sa gudawar take farawa da ruwa sannan ta koma jini tare da murɗar ciki mai tsanani, galibi ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. A cikin waɗanda suka kamu, kusan 5 zuwa 10 cikin 100, yawancinsu ƙananan yara, gubar takan kai ga ƙoda kimanin mako guda bayan fara gudawar, a daidai lokacin da iyaye suke ganin yaro ya fara samun sauƙi. An fara gane wannan ƙwaya a matsayin mai cutar da mutane a Amurka a 1982, daga niƙaƙƙen naman shanu da bai gasu sosai ba. Shanu su ne babban masaukinta, tumaki da awaki ma suna ɗauke da ita, kuma dalilin da ya sa ba ta kayar da su shi ne jijiyoyin jinin shanu ba su da wurin da gubar take kamawa. Ƙwaya ƙasa da 100 ta isa ta kwantar da yaro, alhali ɗan abin da zai maƙale a bakin wuƙa yana iya ɗaukar dubbai.

Maraƙinka kuma yana da tasa. Maruƙan da ba su wuce wata ɗaya ba su ne suka fi zubar da wata ƙwaya mai suna Kiriftosforidiyom, wadda ma'aikatan lafiya suke taƙaitawa su ce Kirifto, musamman idan maraƙin yana zawo, kuma a rana ɗaya yana iya fitar da miliyoyinta. Tana fitowa ne a cikin ɓawo mai tauri wanda kulorin da ake zubawa a ruwan sha ba ya ratsawa, tana kuma iya yin watanni a cikin ruwa ko laka mai sanyi. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka gudanar a ƙasashe bakwai ciki har da Mali da Gambiya da Kenya, ya sa ta cikin ƙwayoyi huɗu da suka fi jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara, ko da yake wani kaso na wannan daga mutum zuwa mutum yake yaɗuwa. Kaji kuwa, su ne gidan wasu ƙwayoyin gudawa biyu, Kamfilobakta da Salmonela. Ya kamata ka lura da wani abu game da dukkansu: ba nan take suke nuna kansu ba. Salmonela takan ɗauki daga awa 6 zuwa kwana 3, Kamfilobakta kwana 2 zuwa 5, O157 kwana 3 zuwa 4, Kirifto kusan mako guda. Don haka idan yaro ya wayi gari da gudawa aka ɗora laifin a kan tuwon jiya ko mangwaron da ya sha, sau da yawa an bar mai laifin ne a baya.

Game da abin da ka ji daga malamai, gaskiya ka ji. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fitsari da kashin dabbar da ya halatta a ci namanta masu tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba, kuma ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba ana alwala da shi. Wannan hukunci ne a kan ingancin salla, wato idan kashin akuya ya taɓa rigarka sallarka ba ta ɓaci ba. Bai ce a bar shi ya shiga ruwan da jariri zai sha ba, kuma malaman da suka koyar da shi su ne suke koyar da cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. A ganina, rashin rarrabe waɗannan abubuwa biyu shi ne ya sa gidan da ba zai taɓa yarda a haƙa masai kusa da rijiya ba, sai ka tarar ya kafa turke a gindinta ba tare da wani ɗar ba.

Sai dai kada a ɗora wa dabbobi abin da ba nasu ba. Kwalara da taifod daga bayan gidan ɗan Adam suke fitowa, saniya ba ta ɗauke da su. Annobar kwalarar 2021, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, da mutuwar fiye da 3,600, kuma Bauci da Jigawa da Kano suna kan gaba a yawan masu cutar, ba turke ne ya haddasa ta ba. Haka kuma ƙwayar Rota, wadda take kan gaba wajen gudawar jarirai, a tsakanin mutane take yawo, kuma tana da rigakafinta da ake ɗiga wa yara a asibiti. Ina faɗin wannan ne domin kada ka gyara turke ka manta da masai. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, kuma wannan nasara ce ta gaske, amma ƙidayar ta shafi kashin mutane ne kawai. Na dabbobi, wanda a gidan manomi ya ninka na mutanen gidan sau da yawa, yana nan a tsakar gida inda yake.

Yanzu mu zo kan rijiyarka, domin a nan nake zaton matsalar ta fi ƙarfi, tunda ka ce da damina abin yake tashi. Mutane sun fi tunanin ƙazanta tana tsuma ta ƙarƙashin ƙasa har ta kai ga idon ruwa, kuma hakan yana faruwa, amma a yawancin rijiyoyin gida da na duba, ta baki take shiga. Duk tsawon rani kashi yana taruwa a turke yana bushewa, ruwan farko ya jiƙa shi, marka ta zo ta narkar da shi, sai ruwan ya bi gangare zuwa wuri mafi kwari a gidan, wanda sau da yawa shi ne gindin rijiya, domin ƙafafun masu ɗiba da ruwan da yake zubewa sun riga sun lotsar da wurin. Idan bakin rijiyar itace ne aka jera, ko tsohuwar taya, ko siminti da ya tsage, ruwan ba ya buƙatar izinin kowa. Ka tsaya da safe ka kalli yadda ake jan ruwa. Yarinya tana jan igiya hannu bayan hannu, igiyar tana taruwa a ƙasa cikin caɓi inda akuya ta tsaya ɗazu tana lasar ruwa, ta juye gugan a bokiti, ta ajiye shi a ƙasa, mai bi mata ta ɗauka ta jefa shi da igiyar gaba ɗaya cikin rijiyar. A wuni ɗaya ana wanke wannan igiya a cikin ruwan shanku sau da dama.

Ta ƙarƙashin ƙasa kuma, yanayin yankinku ba ya taimakonku. Gabashi da arewacin Jigawa ƙasa ce mai rairayi, ruwa yana ratsa ta da sauri, kuma a fadamun kwarin Haɗeja ruwan ƙasa yana kusa, da damina ma ya ƙara tasowa. Ƙasa tana tace ƙwayoyin cuta ne idan ruwan ya yi tafiya mai nisa a cikin busasshiyar ƙasa kafin ya kai ga ruwan da ke kwance, to idan tsakaninsu mita ɗaya ne ko biyu, tacewar ba ta kammala. A yawancin ƙasar Kano, inda dutse yake a ƙarƙashi, matsalar takan zo ta tsagar dutse, wadda ruwa yake bi ba tare da an tace shi ba. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30, wato kimanin taku 40 na babban mutum, tsakanin rijiya da masai ko turke ko juji, kuma waɗannan su kasance a gangare, rijiyar a tudu. Idan ambaliya ta zo kuwa, irin wadda ta mamaye Auyo da Kafin Hausa da Ringim da maƙwabtansu a 2022, babu ƙa'idar da take aiki: duk rijiyar da ruwa ya haye bakinta a ɗauke ta a matsayin gurɓatacciya har sai an yashe ta, an zuba mata kulorin mai ƙarfi, an kwashe ruwan.

Kada ka ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A watan Mayu na 2000, a garin Walkerton da ke lardin Ontariyo na Kanada, gari mai mutum kusan 5,000 da famfo a kowane gida, an yi ruwan sama mai ƙarfi bayan wani manomi ya watsa takin shanu a gonarsa. Ruwan ya shiga wata rijiyar gari marar zurfi, masu kula da ruwan kuma ba su zuba kulorin yadda ya kamata ba. Mutum kimanin 2,300 suka kamu da O157 da Kamfilobakta, 7 suka mutu. Kwamitin binciken da aka kafa bai ga laifin manomin ba, domin ya bi ƙa'idar zuba taki. Laifin yana wajen rijiyar da ba ta da kariya da kuma masu kula da ita.

Na san gidan ƙauye ba kowanne ne yake da filin mita 30 ba, don haka ba zan ce ka yi abin da ba zai yiwu ba. Ka matsar da turken zuwa kusurwa mafi nisa kuma mafi gangare, ka yi masa ɗan kwalbati ko rami da zai kai ruwansa waje ta bayan gida, ba ta tsakar gida ba. Kuɗin da kake da shi kuwa ka zuba shi a bakin rijiyar: a ɗaure mita 3 na sama da zoben siminti a toshe tsakaninsu, a ɗaga bakin ya kai ƙugu, a yi daɓen siminti kewaye da shi mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu wanda ya karkata waje, a yi masa magudana, a sa murfi. Guga ɗaya tak za a riƙa amfani da shi, a kafa gwafa ko a ɗaura ƙarfe da za a riƙa rataye shi da igiyarsa, maƙwabci kuma ya zo da bokitinsa amma kada ya zo da gugansa. Kwamin shayar da dabbobi a kai shi can turke, a riƙa kai musu ruwan. Ko rijiyar burtsatse ce, idan daɓenta ya tsage kuma shanu suna taruwa a gindinta suna shan ruwan da ya kwanta, ruwan yana iya bin jikin bututun ya koma ƙasa, saboda haka irin wannan gyara ya shafi famfon unguwa ma.

Kafin a gama gyaran, kuma a duk tsawon damina ko bayan an gama, a riƙa gyara ruwan da yara za su sha. Alif da muke sawa yana kwantar da laka, kuma yana rage ƙwayoyi tare da lakar, amma ba ya kashe su, don haka ruwan da ya yi garau bayan alif bai zama amintacce ba tukuna. Amfaninsa shi ne ya share wa kulorin hanya, domin kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa. Bayan an tace, a sa kulorin irin su Waterguard ko Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsu, a jira minti 30. Wannan yana kashe Ikolai da Salmonela da Kamfilobakta da ƙwayar kwalara, amma ba ya kashe Kirifto. Ita sai tafasa, kuma ya isa ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa sosai. Tunda itace yana da tsada, shawarata ita ce a tafasa na yaran da ba su kai shekara biyar ba, musamman lokacin da akwai sabon maraƙi ko ɗan akuya mai zawo a gidan, manya su sha mai kulorin. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi, kada a ba shi ruwan rijiya ko tafasasshe ne, domin fitsari da kashin dabbobi suna ƙara wa ruwan ƙasa sinadarin naitaret, wanda tafasa ba ta cire shi, kuma jarirai ne yake cutarwa. Sai randa: moɗar da kowa yake tsoma hannu da ita, a ajiye ta a ƙasa kaza ta taka, tana iya ɓata ruwan da aka sha wahalar tafasawa. A rufe randar, a sami moɗa mai dogon mariƙi da za ta zauna a kan murfin, ko a zuba na sha a jarka mai ƙaramin baki.

Batun nama ya fi sauƙin fahimta idan ka san cewa tsokar dabba mai lafiya, a cikinta, kusan babu ƙwayar cuta. Ƙazantar tana wurare biyu, a bayan fata da cikin tumbi da hanji, kuma duk aikin fawa na ƙwarai ƙoƙari ne na raba nama da waɗannan biyun ba tare da sun haɗu ba. Dabbar da aka ɗauko a mota daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko karar Wudil ranar Juma'a, ta yi sa'o'i a cunkushe da 'yan uwanta, tana isowa da kashi a cinyoyi da ciki da wutsiya, kuma wahalar tafiya tana ƙara yawan Salmonelar da take fitarwa. A kwatar ƙauye za a kayar da ita a daɓen da aka yanka wata ɗazu, a feɗe ta a ƙasa a kan fatarta. Wuƙar da ta tsaga fata daga waje ita ce take shiga nama, hannun da ya riƙe bayan fata yana ja shi ne yake dafa tsoka, gefen fatar kuma yana naɗowa ya kwanta a kan cinya. Idan aka zo fasa ciki, tsinin wuƙa ya ɗan taɓa tumbi, toroso ya fantsama, sai yaron mahauci ya ɗebo ruwa a bokitin da aka wanke hanji a ciki ya watsa, ya goge da tsumma. Ido zai ga naman ya fita tas, amma abin da ruwan ya yi shi ne ya ɗauki ƙazantar wuri ɗaya ya shafe gangar jikin duka da ita. Inda toroso ya taɓa, a yanke wurin da wuƙa mai tsabta a jefar, wannan ya fi wanki.

Gyaran kwata ba ya buƙatar injuna. A huta da dabba, a hana ta abinci kimanin awa 12 kafin yanka amma a ba ta ruwa, domin tumbin da bai cika ba ya fi wuyar fashewa. A rataye ta a feɗe, ko da a kan gwafanni ne da gungume. A ƙulle maƙogwaron abinci da ƙarshen hanji da igiya kafin a zaro kayan ciki, a fitar da su ɗungurungum a kai su wani gefe dabam, mai wanke su kuma kada ya dawo kan nama sai ya wanke hannu da sabulu. A manyan mayanka ana tsoma wuƙa a ruwa mai zafin digiri 82, kuma tukunyar ruwa a kan murhu a gefen kwata tana yin wannan aikin: wuƙa biyu, ɗaya a hannu ɗaya a tukunya. Wannan magana ce da ya dace ku kai wa Sarkin Fawa ta hannun mai unguwa ko dagaci, tare da duba-gari da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin mahauta sun fi jin maganar shugabansu fiye da ta baƙo mai takarda. Ku haɗa da inda jini da toroso da ruwan wanki suke tafiya. A garuruwa da yawa kududdufin bayan kwata suke gangarawa, inda yara suke wanka, mata suke wanki, masu lambu suke jan ruwa da rani. Ramin tsuma ruwa da wani ramin na tara toroso don taki sun isa su tare mafi yawan wannan.

A naka ɓangaren na mai saye, abokan gabarka su ne lokaci da zafi. A yanayin zafinmu wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su Ikolai da Salmonela, suna iya ninka yawansu cikin minti 20, don haka naman da aka yanka da asuba yana kan tebur har la'asar ƙudaje suna hawa, ba shi ne naman safe ba. Ka saya da wuri, a ɗora shi da wuri. Dahuwarmu ta miya da farfesu tana kashe duk waɗannan ƙwayoyi, tunda digiri 70 a tsakiyar nama ya isa, kuma tukunyar miya tana wuce haka nesa. Haɗarin yana cikin abin da ba a dafawa: wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen nama ko cikin kaza, sannan suka yanka tumatir da albasa da kabeji na ci ɗanye, ko suka ba yaro loma. Tsire da balangu da aka sauke daga wuta yanzu ba su cika zama matsala ba, sai wanda ya huce a kan katakon da aka yanka ɗanye, aka barbaɗa masa yaji da albasa da hannu. Shanya kilishi a rana kuma ba ta kashe komai yadda ya kamata, gashin ƙarshe ne yake yin aikin. Duk wannan ya shafi ranar layya da watanda, lokacin da kowane tsakar gida yake zama kwata, kuma sau da yawa a gindin rijiya ake wanke kayan ciki saboda kusancin ruwa.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, aka yi maza aka sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, ko wadda aka tarar ta mutu cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a sayar da ko fatarta. Alamun cutar saifa ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023. Da zarar an buɗe gawar, ƙwayar tana yin ɓawon da yake rayuwa shekaru da dama a ƙasa. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi nesa da ruwa, sauran garken kuma a yi musu allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom take sarrafawa.

Takin kuwa dukiya ce, kuma ƙasar Kano da Jigawa ba za ta ci gaba da ciyar da wannan yawan jama'a a gona ɗaya shekara da shekaru ba in ba don shi ba. A share turke kullum, a tara a waje guda nesa da rijiya, a haɗa da kara da ragowar harawa, a ɗan yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Idan tarin ya ɗauki zafin da hannu ba zai iya daɗewa a cikinsa ba, wato digiri 55 ko fiye, na kwanaki a jere, mafi yawan ƙwayoyin sun mutu. Ga gero da dawa da masara, ɗanyen taki ba abin damuwa ba ne sosai. Ga latas da karas da kabeji na noman rani, ko dai ruɓaɓɓen taki, ko a bar kimanin wata huɗu tsakanin zubawa da cirewa. Ka kuma dubi yaron da yake rarrafe, domin shi ba ya jiran rijiya ko kwata. Masu bincike da suka zauna suna kallon jarirai a ƙauyukan Zimbabuwe sun gan su suna kai ƙasa da kashin kaji baki kai tsaye. A shimfiɗa masa tabarma a wurin da aka share, kaji su kwana a akurki ba a ɗaki ba, wanda ya share turke ko ya kula da maraƙi mai zawo ya wanke hannu da sabulu ko toka kafin ya taɓa shi.

Idan gudawar ta sake zuwa, a fara ruwan gishiri da sukari nan take, na leda ya fi, in babu shi a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a ci gaba da ba da nono da abinci, a karɓo ƙwayar zinki a ba yaro kwana 10 zuwa 14. Idan an ga jini, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a tsaya kemis a sayi Filajin ko kafso ko maganin tsayar da zawo, domin idan O157 ce, irin waɗannan magunguna suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda, kuma ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe ta da atini da yake buƙatar magani. Ko gudawar ta tsaya, a sa ido a kan yaron har mako biyu: idan fitsarinsa ya ragu, tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, fuska ko ƙafa ta kumbura, ko ya yi laushi ƙwarai, a wuce da shi babban asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Bayan ka gama gyaran rijiyar, ka nemi sashen ruwa da tsabtar muhalli na ƙaramar hukumarku ko hukumar samar da ruwan sha a karkara ta jiha, wato RUWASA, su auna ruwan, kuma ka nemi a ɗebi samfurin a tsakiyar damina, ba da rani ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami Ikolai ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma idan an samu bayan duk wannan gyara, sai a bar rijiyar ga wanki da shayar da dabbobi, ruwan sha kuma a ɗebo shi daga burtsatse.